Laraba, ranar buɗe asusu

Tun asuba na bar Damagaram, amma ban isa ƙauyen ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Daga Matamai ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni, sau biyu ina sauka muna tura babur cikin rairayi. Na tarar mata sun riga sun shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku a tsakiya, makullan a hannun mata uku dabam-dabam. Tsarin Mata Masu Dubara ke nan, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991: kowace ta zuba abin da aka yanka duk mako, mai bukata ta ci rance, ta maido da ɗan abu a kai. Ni nawa duba lissafi ne kawai. Mutum biyu sun biya tarar makara, aka yi ta yi musu tsiya.

Bayan an watse uwar ƙungiya ta ja ni gefe. Wai wata ta dawo daga Aljeriya tana bi gida-gida tana "aron" yara. Aro suke cewa, kamar tukunya. 'Yar ɗaya daga cikin matanmu, wadda ba ta wuce shekara goma ba, tana cikin biyar da za a tafi da su mako mai zuwa, su yi bara a titunan Tamanraset a riƙa aiko wa iyaye kasonsu. Har an ba da kafin alƙalami: jaka goma da turmin atamfa.

Muka je gidan. Ko gaisuwa ba mu gama ba uwar yarinyar ta nuna mini rumbu ta ce, "Leƙa, Malama." Na taka turmi na leƙa. Ƙaiƙayi ne da kashin ɓera, ga shi ko shuka ba a yi ba, maigidan kuma tun da ya tafi cin rani shiru.

A nan na yi wauta. Na ɗauko mata zancen Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada bayan Arlit, 52 yara ne, yawancinsu 'yan wannan yanki na Kance, motocinsu sun mutu ƙishirwa ta gama da su. Ta bar ni har na kai aya, sannan ta ce, "Ni za ki ba labari? Da 'yar ɗakinmu a ciki." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu ma'aikata mun ɗauka rashin sani ne ke tura su, muna ta buga hotuna muna taron wayar da kai. Sun fi mu sanin hanyar nan. Sun san Aljeriya na kwaso mutane a manyan motoci ta maido su ta Asamaka. Sai dai kuma suna ganin ɗakin kwano a gidan wadda ta je ta dawo lafiya, kullum za su rijiya ta gabansa suke bi.

Uwar ƙungiya ce ta fitar da ni. Ba ta yi wa'azi ba, lissafi ta yi da yatsu: rance daga akwati, tiya kaza ta gyaɗa, a matse mai a soya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa a fitar. Ta ce, "Ke dai maida wa matar nan kuɗinta, ni na tsaya miki." Aka daɗe ana shiru, yarinyar na can bakin murhu tana kankare tukunya kamar ba da ita ake ba. Can uwar yarinyar ta kunce bakin zane ta ƙirga jaka bakwai. Ukun an sayi hatsi an ci.

Atamfar kuma tela ya riga ya sa mata almakashi. Na cika ukun daga aljihuna, na ce kuɗin atamfa sai Laraba mai zuwa, abin da ofis ya hana mu yi ƙiri-ƙiri. Ba zan sa shi a rahoto ba. Sauran yaran huɗu iyayensu ba sa cikin ƙungiya, ko gidajensu ba a yarda an nuna mini ba.