Allon Yana Nan, Mutanen Sun Watse

Malamin da ya koya mini haɗa sauti yana da wata ɗabi'a: ba ya ba ɗalibi waƙar da ya saba ji ya yi nazari a kanta. Cewa yake kunnen da ya haddace baiti ba ya jin kiɗa, kalmomi kawai yake bi. Shi ya sa wata rana ya tura mini waƙar wasu Amurkawa da ake kira The Shins, mai suna "New Slang", ya ce in saurare ta sau ashirin in rubuto masa duk abin da na ji. Na ɗan ji haushi. Ni da na zo koyon yadda ake sa ganga ta daki ƙirjin mutum a wajen biki, an haɗa ni da wani bawan Allah da ke rera waƙa kamar mai tsoron tada maƙwabta daga barci.

Sai wajen saurare na shida na fara gane inda malam ya dosa. Kayan da ke cikin waƙar ba su taka kara sun karya ba: jita marar lantarki, wani ɗan kacau-kacau da ke riƙe da takun kiɗan, sai siririyar murya da ke tasowa a hankali kamar daga bayan gida kafin waƙar ta kankama. Kowane sauti yana da wurin zamansa, ba mai taka ƙafar wani. Mu kuwa a lokacin, in ba mu jibga kiɗa hawa goma ba gani muke ba mu yi aiki ba. Wannan shi ne darasin da aka aike ni in ɗauko, na kuma ɗauko shi. Amma da yake ni mai bin diddigi ne, sai na shiga karanta tarihin mutanen, a can na ci karo da wani darasin da ban fahimce shi ba sai da ya faɗo a kaina.

Abokai huɗu ne a garin Albuquerque na jihar New Mexico: James Mercer, Jesse Sandoval, Marty Crandall da Neal Langford. Tun farkon shekarun 1990 suke da ƙungiya mai suna Flake Music, irin ƙungiyoyin kiɗan rok na 'yan cin gashin kai, waɗanda ba babban kamfani a bayansu, su ne masu loda kayansu a mota, su ne masu sayar da faifansu bayan wasa. Sun fitar da faifai a 1997. Kafin nan, a 1996, Mercer ya buɗe wani ɗan aikin gefe don waƙoƙin da yake rubutawa shi kaɗai, ya jawo Sandoval ya buga masa ganga, ya sa wa abin suna The Shins. A hankali ɗan aikin gefe ya haɗiye uwar ƙungiyar, sauran abokan suka dawo cikinsa. Kamfanin Sub Pop na Seattle ya ɗauke su, faifansu na farko, "Oh, Inverted World", ya fito a 2001.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya sa "New Slang", wadda ke cikin wannan faifai, a talla, masoya na farko suka yi ta surutu wai an sayar da mutunci. Mercer ya koma Portland a jihar Oregon. Langford ya fita, Dave Hernandez ya maye gurbinsa, faifai na biyu ya fito a 2003. A 2004 fim ɗin "Garden State" ya sa waƙar a wani wuri inda jaruma Natalie Portman ke miƙa wa jarumin abin saurare tana yaba masa ita, sai ga mutanen da ba su taɓa jin sunan Albuquerque ba suna neman faifan. Na uku, "Wincing the Night Away", ya fito a 2007, ya shiga jadawalin Billboard, jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, a matsayi na 2, abin da Sub Pop bai taɓa samu ba a lokacin, har aka sa shi takarar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka.

Sai a 2009 Mercer ya sanar cewa Crandall da Sandoval ba sa tare da shi. Ya ce shawara ce ta salon kiɗa, yana son wani sauti dabam. Sandoval kuma ya gaya wa jaridar Portland Mercury cewa shi dai korar sa aka yi, ko da wane suna aka kira abin. Mutumin da ya buga ganga tun ranar farko ya koma sayar da abincin garinsu a wata 'yar rumfa a Portland. Daga wannan lokaci The Shins ta zama Mercer da duk wanda ya gayyato.

Na tuna abin da na rubuta wa malam a ƙasan aikina, alhali bai tambaye ni ba. Na ce wannan butulci ne, an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Malam bai ce komai a kai ba, ya gyara mini abin da na rubuta game da jita kawai.

Bayan wasu shekaru mu ma mu huɗu muka buɗe situdiyo a wani ɗan shago a Kano. Ni ne mai kwamfuta da haɗa sauti, ni nake tsara yawancin kiɗan. Akwai mai murya, akwai mai shiga gari ya nemo aiki, sai abokina tun na makarantar allo, mai buga fiyano. Kuɗin hayar shekarar farko daga adashin mahaifiyarsa ya fito, mun biya ta daga baya. Sunan situdiyon a teburin mai shayi muka zaɓe shi, mu huɗu, har da musu. Amma ranar rajista ni na je, don ni kaɗai ke da cikakkun takardu, asusun banki ma da sunana aka buɗe. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai. Mun raba kuɗi duk ƙarshen mako, mun tura janareto tare, mun kwana a kan tabarma ɗaya daren da ake jiran waƙar amarya da safe.

Waƙoƙin biki da tallan rediyo suka riƙe mu shekara uku. Daga nan aka fara kawo mana wani irin aiki: kiɗan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin shirin bidiyo, wanda ba a so ya ja hankali, ana so ya bi labari a hankali ya ɗaga inda ya kamata. Kuɗin aiki ɗaya ya fi na waƙar biki biyar. Abokina kuwa hannunsa na biki ne. In ya ɗora yatsu a kan fiyano sai ka ji kafaɗarka tana motsi ko ba ka so, kuma duk Kano ban san wanda ya fi shi a wannan ba. Amma a ce masa ya riƙe sauti ɗaya na daƙiƙa goma bai yi masa ado ba, kamar an ce ya riƙe numfashi ne. An dawo mana da aiki sau biyu.

Abin da na yi, ba na alfahari da shi. Na samo wani yaro da ya yi karatun kiɗa, na riƙa kiransa da dare bayan kowa ya tafi, yana sake buga wuraren abokina. Da safe in ce an karɓi aiki. Na gaya wa kaina wai ina kare masa mutunci ne.

Wata ranar Talata ya shigo shago bai cire takalmi ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce yana cikin adaidaita sahu aka sa tallar da muka yi a rediyo.

"Oga," in ji shi, "na ji tallar. Hannun nan ba nawa ba ne."

Shekara ashirin da wani abu yana ce mini "mutumina". Ranar ya ce Oga. Na fara kame-kame, wai masu aikin ne suka nemi ɗan gyara, wai lokaci ya ƙure. Ya saurare ni har na gama, ya naɗe wayar fiyanonsa a hannu a tsanake, zagaye bayan zagaye, ya saɓa ya fita. Da mutane suka fara tambaya ina wane, sai na ji bakina yana cewa, "Ai mun ɗan canza salo ne." Ban gama rufe baki ba na tuna inda na taɓa karanta irin wannan magana, da abin da na rubuta a kanta.

Na koma tarihin The Shins da wani ido. Abin da na tsallake a karatun farko shi ne Mercer ne ke rubuta waƙoƙin tun asali, shi ya kafa abin, kuma ya sha faɗa cewa a wajensa aikin naɗar waƙoƙinsa ne tun kafin ya zama ƙungiyar hawa dandamali. Ya kuma yi aiki da mai tsara sauti Danger Mouse a ƙarƙashin sunan Broken Bells, suka fitar da faifai a 2010, ya ɗanɗana yadda aiki ke tafiya da mutumin da ke kawo abin da kai ba ka da shi. Da ya dawo da sunan The Shins a 2012 da faifan "Port of Morrow", tare da mai tsara sauti Greg Kurstin, kiɗan ya faɗaɗa, ya yi sheƙi. Ni dai kunnena ya fi son ƙurar faifan farko, amma ba zan ce mutumin bai san abin da yake nema ba. Yana da hujja a kan kiɗa. Sandoval ma yana da hujja a kan sunan abin da aka yi masa. Da ina ɗalibi gani nake dole ɗaya ya zama maƙaryaci.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun suna. A kiɗanmu na gargajiya ba a ɓoye wannan: ana cewa wane da makaɗansa, wane da 'yan amshinsa. Kowa ya san ubangida, kowa ya san rabonsa, in aka rabu ba wanda zai ce an ƙwace masa suna. Amma suna irin The Shins, ko irin wanda muka rubuta a allon shagonmu, "mu" yake cewa. Mutum huɗu suna tsayawa a hoto kafaɗa da kafaɗa, alhali a takarda da kuma a zuciyar ɗayansu abin na mutum ɗaya ne. Muddin ana cin riba ba mai tono zancen. Kawuna, wanda ya tsufa a kasuwar Kantin Kwari, da na kai masa ƙorafi bai tausaya mini ba. Ya ce, "Kai yaro, kun zauna kun raba kuɗi duk mako. Kun taɓa zama kun raba shagon?" Ba mu taɓa ba. Kunya ta hana, don a ganinmu kawo takarda tsakanin abokai rashin yarda ne.

Yanzu duk wanda zai taɓa aiki a wajena, ko yaron da ke zuwa buga jita na awa biyu ne, sai mun rubuta: wannan aikin na wane ne, ladanka kaza ne, sunanka zai fito ko ba zai fito ba. Wasu suna dariya, suna cewa na zama lauya. In kuma hannun mutum bai dace da aiki ba, ina gaya masa yana zaune a gabana, kafin in kira wani. Yana da ɗaci, minti biyar ne masu nauyi, amma ban ƙara yin aikin dare a ɓoye ba. Sauran abokan biyu ma daga baya kowa ya kama gabansa, wannan karon da zama da lissafi da shaidu, har kawu ya sa albarka.

Mercer ya ci gaba shi kaɗai da sunan jama'a. A 2017 ya fitar da "Heartworms", wanda kusan duka shi ya tsara sautinsa, a ciki har da waƙar da ke ba da labarin ƙuruciyarsa a Ingila lokacin da mahaifinsa ke aikin sojan sama. A 2022 ya zagaya Amurka yana buga faifan farko daga farko har ƙarshe, da makaɗan da ba su ne suka naɗe shi ba. Langford ya rasu a 2023, Mercer ya yi masa ta'aziyya a bainar jama'a a matsayin ɗaya daga cikin aminansa. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne jerin sunayen waɗanda suka yi kiɗa a "Port of Morrow". Akwai Hernandez a ciki, akwai Crandall, sun zo a matsayin baƙi a gidan da da nasu ne. Sunan Sandoval ba ya ciki.

Bara aka kawo mini waƙar biki ta wani babban gida, irin wadda ake so tsofaffi su tashi su taka. Na gwada yara biyu, abin bai zauna ba. Na daɗe ina kallon lambar abokina mai fiyano kafin in kira. Muka gaisa, na tambayi Hajiya da jiki, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya yanka mini farashi kamar yadda zai yanka wa baƙo, ban nemi ragi ba. Ya zo bayan la'asar da fiyanonsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya saurari waƙar sau ɗaya, ya buga ta a ɗauka ɗaya. Yaron da ke taya ni aiki har ya manta ya tsayar da naɗi.

Na miƙa masa takarda ya sa hannu, ya karanta ta har ƙasa, ya ɗan murmusa. Da zai hau babur ya ɗaga kai ya dubi allon shagon, wanda harafi ɗaya ya ɓalle daga jikinsa tun daminar shekararmu ta biyu.

"Har yanzu ba a gyara wannan ba?" ya ce, ya tada mashin.