Yadda nake ba da ingarman zagayen ganga barbara ga goɗiyoyi 'yan kaɗan

A Amurka, musamman a Texas da Oklahoma, akwai wasan dawaki da ake kafa ganguna uku masu cin galan 55 a fili, mahayi ya shigo a sukwane ya zagaye ta farko, ya tsallaka ya zagaye ta biyu, ya haura ta uku, sannan ya sako doki ya dawo. A cikakken fili bisa ƙa'idar WPRA, ƙungiyar mata mahaya, tsakanin ganga ta ɗaya da ta biyu ƙafa 90 ne, daga kowaccensu zuwa ta uku ƙafa 105, kuma doki nagari yana gamawa cikin daƙiƙa 17 ko kusa da haka. Wanda ya ka da ganga a gasar rodiyo, wato taron wasannin dawaki da shanu, an ƙara masa daƙiƙa 5, ya fita daga sahun masu cin kuɗi ke nan. Dawakin da suka mamaye wasan 'yan jinsin Quarter Horse ne, rajistarsu tana hannun ƙungiyar AQHA a garin Amarillo. Ingarman da nake riƙe da shi a arewacin Texas ɗan wannan jinsi ne, kuma goɗiyoyin da nake karɓa masa a shekara 'yan kaɗan ne.

Kafin a yi maganar barbara, sai mai doki ya gaya wa kansa gaskiya a kan ko dokin ya cancanci a bar shi ba a dandaƙe ba. Yawancin dawakin da ke cin gasa goɗiyoyi ne da dandaƙaƙƙu, domin sun fi sauƙin riƙo a wurin taro. Kuma AQHA ta halatta a aika maniyyi daga nesa a ɗura wa goɗiya, saɓanin dawakin tsere na Thoroughbred da dole sai ingarma ya hau da kansa. Saboda haka mai goɗiya yana zaune a gidansa zai iya sayen jinin 'ya'ya da jikokin Dash Ta Fame ko Frenchmans Guy daga kowace jiha. Da waɗannan kake gogayya. Abin da kake da shi shi ne tarihin gudun dokinka a rubuce, halinsa, ƙirar ƙafafunsa, da farashi mai sauƙi. A tsarin NBHA, wata ƙungiyar masu zagayen ganga, ana kasa mahaya rukuni-rukuni gwargwadon tazararsu da lokacin da ya fi sauri, kuma ingarman da bai saba faɗowa a rukunin farko, wato 1D, ba, da wuya mai goɗiya tagari ya waiwaye shi. Kyan launi yana jawo masu tambaya, amma a ganina doki mai kyan gashi da karkatacciyar ƙafa dandaƙa ta fi masa.

Aikin farko gwajin cututtukan gado ne. AQHA tana buƙatar sakamakonsa ga duk ingarman da ke barbara, tare da gwajin DNA na tabbatar da uba. Ana tuge gashin geza da saiwarsa a aika. Cututtukan su ne HYPP, PSSM1, MH, GBED da HERDA, daga baya aka ƙara MYHM. Hanyar gadonsu ba ɗaya ba ce, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. GBED da HERDA sai uwa da uba duka suna ɗauke da su suke bayyana, a nan kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da cutar. Dukushin GBED ba ya rayuwa, na HERDA kuwa fatar bayansa takan ɗaye da zarar an fara ɗora masa sirdi. HYPP, wadda aka bi sawunta zuwa wani ingarma mai suna Impressive, da PSSM1 da MH, kwafi ɗaya ya isa, wato rabin 'ya'yan za su iya gada. PSSM1 ta fi damun mu masu zagayen ganga, domin tsokar dokin takan ƙage bayan motsa jiki, ya tsaya cak yana gumi. Ina buga sakamakon dokina a jikin tallarsa, kuma ina neman na goɗiya kafin in karɓe ta.

Sai cutar EVA, wadda ƙwayarta ke iya maƙalewa a jikin ingarma ta riƙa fita cikin maniyyi tana sa goɗiyoyi ɓari. A ɗebi jini a gwada tukuna, sannan a yi rigakafi, kuma a adana takardar gwajin da kyau. Bayan allura jininsa zai riƙa nuna alamar cutar, takardar nan ce kaɗai shaidar cewa daga allura ne. Gwajin Coggins kuwa, na gano wata cutar ƙarancin jini mai yaɗuwa tsakanin dawaki, kowace shekara ne, ga ingarma da duk goɗiyar da za ta taka bargata.

Maniyyin shi ne hajar da kake sayarwa, don haka kada a buga talla sai likitan dabbobi ya auna shi. Yakan auna faɗin 'ya'yan maraina biyu a haɗe, wanda bai kamata ya gaza santimita 8 ba, ya ɗebi maniyyi sau biyu da tazarar awa ɗaya, ya duba yawa da motsi da ƙirar ƙwayoyin. Abin da na ga ƙananan masu ingarma suna tsallakewa shi ne gwajin sanyi: a haɗa maniyyin da ruwan tsawaita rai iri biyu ko uku, a sanyaya, a duba motsinsa bayan awa 24 da kuma awa 48. Akwai ingarman da maniyyinsa yake da kyau sabo, amma kwana ɗaya a sanyi ya mutu. Wani sai an sauya masa ruwan haɗi, wani sai an juya maniyyin a inji an rage ruwan da ya fito da shi. Gara ka san wannan a watan Janairu da ka ji shi daga bakin likitan mai goɗiya a watan Afrilu.

Ni ban sayi kayan ɗakin gwaji ba, domin kuɗin barbarar goɗiyoyi kaɗan ba zai mayar da su ba. Asibitin dabbobi nake kai shi ranakun ɗiba. Can ake da goɗiyar bogi, wato gungume mai laushi a kan ƙafafun ƙarfe, da jakar roba mai bango biyu da ake cika da ruwan ɗumi, wadda 'yan sana'ar ke kira AV. Zafin cikinta digiri 45 zuwa 48 ne a ma'aunin Salshiyos. In ta yi sanyi dokin zai hau ya sauka bai kawo ba, in ta yi zafi ƙwayoyin su mutu, shi ma ya tsorata da ita. Ana wanke gabansa da ruwan ɗumi zalla a tsane shi, ban da sabulu, domin sabulu yana kashe ƙwayoyin da ke kare fatar wurin, miyagu su samu gurbi. Mai riƙe da ragama da mai riƙe da jaka duk a hagunsa suke tsayawa, in ya yi harbi a juyo kansa hagu ƙafafun bayansa su kauce wa kowa. Alamar ya kawo ita ce wutsiyarsa ta riƙa ɗagawa tana sauka a jere, mai riƙe da jakar kuma yana jin bugun a tafin hannunsa.

Daga nan sauri ake yi. A tace ruwa mai kauri da yauƙi da ke biyo bayan maniyyin, a kare shi daga hasken rana, kuma duk abin da zai taɓa shi ya kasance a ɗumin digiri 37. Ɗigon ruwa a kwalba yana kashe shi, haka ma sirinji mai baƙar roba a bakin matsi. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙwayoyi miliyan 500 masu tafiya gaba ga goɗiyar da za a ɗura wa nan take, biliyan 1 ga wadda za a aika wa. A misali, in an samu mililita 60, kowace mililita da ƙwayoyi miliyan 200, jimilla biliyan 12 ke nan. In kashi 70 cikin ɗari suna tafiya gaba, kana da biliyan 8.4, wato kaso takwas na aikawa. Kowane kaso zai ci kamar mililita 7 na maniyyi, a zuba masa ninki uku na ruwan haɗi, irin na madara da sukari ko INRA 96, ya sauko zuwa miliyan 50 a mililita. In aka bar shi da kauri fiye da haka, ruwan da ya fito da shi ne zai gajiyar da shi a hanya. Sai a sa a akwatin sanyi irin Equitainer, wanda ke sauke zafin sannu a hankali zuwa wajen digiri 5. Wanda ya jefa shi firji kai tsaye ya kashe shi.

Ranakun ɗiba Litinin, Laraba da Juma'a ne, kuma sai an sanar da ni kwana ɗaya kafin ranar. Goɗiya tana zagayowa duk kwana 21, tana neman namiji kwana 5 zuwa 7, ƙwan kuma yana fita kwana ɗaya ko biyu kafin ta daina. Likitanta yakan bi ta da hoton ciki, in jakar ƙwan ta kai milimita 35 ya yi mata allurar da za ta sa ƙwan ya fita cikin awa 36 zuwa 48. Matsalar da ta fi maimaituwa ita ce a yi allurar kafin a tabbatar akwatin ya kama hanya. Jirgi ya yi latti, ko Lahadi ta gitta, ƙwai ya fita babu maniyyi, mai goɗiya ya yi asarar sati uku da kuɗin likita. Don haka nake gaya wa kowa a kira ni kafin a tsira allura.

Maƙwabta sukan kawo goɗiya ya hau da kansa, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. Ya fi araha, amma ya fi haɗari. Shuri ɗaya a maraina ko a gwiwa ya isa ya kashe shekarar gaba ɗaya, har da gasar. Ba na yarda sai an gwada ta ta bayan katanga mai ƙarfi, na ga ta ɗaga wutsiya, ta buɗe ƙafa tana fitsari kaɗan-kaɗan. Wadda ta kwantar da kunne tana ƙara ba ta shirya ba, ko me kalanda ta ce. A cire mata takalman ƙarfe na baya, a naɗe wutsiyarta don gashin kada ya yanke shi, a wanke ta, a sa mata dabaibayi in tana da harbi. Hawa ɗaya duk bayan kwana biyu ya isa. Goɗiyar da ta taɓa ƙin ɗaukar ciki kuma sai an kawo sakamakon gwajin mahaifarta.

Haɗa gasa da barbara yana yiwuwa, amma da sharaɗi. Ragamar barbara daban take da ta hawa, wurin ma daban, kuma doki yana gane bambancin da wuri. In yana sanye da sirdi ba a yarda masa ko haniniya ga goɗiya. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 57 kafin ta nuna, don haka zazzaɓin da ya yi a Fabrairu sai a Afrilu za a ga ɓarnarsa. Allurar ƙara tsoka da magungunan kwantar da sha'awa suna rage maniyyi, wani lokaci na tsawon watanni. Cikin lokacin barbara yakan rame, sai a ƙara masa ingirici mai kyau da hatsi gwargwado, a riƙa fitar da shi fili kullum. Ingarman da aka kulle shi kaɗai a barga shi ne ke koyon cizo.

Yarjejeniya a rubuce take ko da ɗan'uwa ne, domin sabo da kaza ba ya hana yanka. A ciki akwai kafin alƙalami da ba a mayarwa, ragowar kuɗin barbara da ake biya kafin akwatin farko ya fita, kuɗin ɗiba da na aikawa a kowane zagaye, da ranar mayar da akwati. Lokacin barbara daga tsakiyar Fabrairu ne zuwa tsakiyar Yuli. Mutane suna son haihuwar farkon shekara saboda ana ƙara wa kowane doki shekara ranar 1 ga Janairu, ciki kuma yana kai wajen kwana 340. Lamunin dukushi mai rai sai an fayyace shi: ya miƙe ya sha nono da kansa. In bai yi ba, da takardar likita, goɗiyar ta dawo baɗi ba tare da sabon kuɗin barbara ba, amma baɗi kaɗai. Na kuma shardanta hoton ciki a kwana 14 zuwa 16, domin a lokacin ne ake gane tagwaye a cire ɗaya cikin sauƙi. Tagwayen goɗiya kusan kullum ɓari ne ƙarshensu.

Masu goɗiya za su tambaye ka ko dokinka yana cikin shirye-shiryen kyauta irin su Future Fortunes ko Pink Buckle, inda mai ingarma ke biyan kuɗi duk shekara don 'ya'yan su samu damar cin ƙarin kuɗi a gasa. Wasu gurabensu ƙayyadaddu ne kuma da tsada. Ɗaya da za ka iya riƙewa shekara da shekaru ya fi uku da za ka bari bayan shekara biyu.

Abin da ya fi komai nauyi a ƙaramin kiwo shi ne zaɓen goɗiya. Wadda aka yi wa barbara bana za ta haihu baɗi, ɗan kuma sai ya shekara 4 ko 5 zai shiga gasar matasan dawaki. Kusan shekara biyar ke nan kana ciyar da ingarma ba wanda ya ga gudun ɗansa. Babban gida mai 'ya'ya ɗari a shekara, in ashirin sun lalace ba a lura. Kai mai 'ya'ya shida ko takwas, biyu marasa kyau sun isa a yanke wa dokinka hukunci, kuma ba wanda zai tambayi wace ce uwar. Shi ya sa nake mayar da goɗiya mai muguwar ƙafa ko mugun hali ko da an zo da kuɗi a hannu, nake kuma rage wa mai goɗiyar da ta ci gasa farashi, musamman in na san zai kai ɗan wurin mai horo na ƙwarai.

Bayan an rufe barbara saura takardu. Rahoton goɗiyoyin da aka yi wa barbara, da lambar rajistar kowacce da ranakunta, dole ya isa AQHA kafin 30 ga Nuwamba, in ya wuce akwai tara. Idan sunan goɗiya bai shiga rahoton ba, rajistar ɗanta za ta tsaya har sai an gyara. Takardar shaidar barbara kuma ba na sakinta ga mai goɗiya sai ya gama biyan duk abin da ake binsa.