Abin da Jar Rigar Sojan Ingila Ta Koya Mini

A shekarata ta uku a sashen tarihi, malaminmu ya raba mana batutuwan nazari, sai rabona ya faɗa kan tufafin sojojin Birtaniya. Raina bai so ba, domin abokan karatuna sun sami yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyi, ni kuwa aka haɗa ni da abin da na ɗauka aikin tela ne. Na rubuta daftarin farko cikin gaggawa, har na kafa hujja da maganar da kowa ke yi, cewa an zaɓi jan launi ne domin kada a ga jinin wanda aka harba. Malam ya zagaye jimlar da biro, ya rubuta a gefe: "Wa ya faɗa maka?"

Wannan tambaya ce ta mayar da ni ɗakin karatu, inda na gano cewa maganar daɗin ji kawai gare ta, domin jini idan ya jiƙa jan yadi baƙi yake komawa. Jar riga ta kafu ne a 1645, lokacin da majalisar dokokin Ingila ta kafa sabuwar runduna ana tsakiyar yaƙin basasa, kuma arahar rinin tana cikin abin da ya zaunar da ita. Ƙananan sojoji da saiwar wani tsiro ake rina tasu, hafsoshi kuwa da rini mai tsada da ake samu daga wani ƙwaro na ƙasar Meziko, saboda haka ko a cikin jan akwai na talaka akwai na mai hali. Ga shi bindigogin zamanin ba sa cin nesa, hayaƙin albarushi kuma yakan turnuƙe filin daga, don haka soja ya fi bukatar nasa su gane shi fiye da ya ɓuya wa abokin gaba. Tun daga ranar nake zargin duk bayanin da ya cika daɗi a kunne, har sai na ga tushensa.

Da bindiga ta fara cin nesa, sai jan ya zama abin kiran ajali. Rundunar da wani hafsan Birtaniya, Harry Lumsden, ya kafa a Feshawar (cikin Pakistan ta yau) a 1846 ita ta fara sanya tufafi masu launin ƙasa, kuma kalmar kaki da muke faɗa kullum, har muna cewa wane ya tuɓe kaki, daga Urdu ta fito, asalinta kuwa kalmar Farisanci ce mai nufin ƙura. Yaƙin Ginnis na ƙasar Sudan, a Disamba 1885, shi ake lissafawa na ƙarshe da sojan Birtaniya ya shiga da jar riga, kuma a 1902 kaki ya zama kayan aiki na kowa, aka bar ja wa fareti.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne maɓallai. Masu gadin fadar Bakingham kamarsu ɗaya a idon baƙo, alhali runduna biyar ce. Grenadier suna jera maɓallansu ɗaiɗai, Coldstream bibbiyu, na Sikotlan uku-uku, na Ayalan hurhuɗu, na Wales biyar-biyar. Doguwar hular gashin beyar da suke ɗorawa kuwa tukwicin yaƙin Waterloo ce, inda aka karya dakarun Napoleon a 1815. Haka nan a da rundunar Gloucestershire takan maƙala tambari a ƙeyar hula, don tunawa da ranar da magabatansu suka yi faɗa gaba da baya a Iskandariyya a 1801. A nan na fahimci cewa riga ma takarda ce da ake karantawa, kamar yadda ɗan Kano ba ya bukatar a faɗa masa cewa mai ja da kore dogari ne.

Ban yi zaton binciken zai dawo da ni gida ba, sai na iso kan rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya haɗa a 1897, wadda Hausawa suka cika ta. Kayan faretinsu su ne gajeren wandon kaki, da jar dara, da jan falmaran mai bakin rawaya, da jar ɗamara. Na daɗe ina duban wani tsohon hotonsu ina ƙirga maɓallai kamar yadda na saba, kafin idona ya sauka ƙasa, na ga Baturen hafsa sanye da takalmi, sojojin da ke jere bayansa kuwa ƙafarsu a ƙasa take. Da wannan hoton na buɗe daftarina na biyu, kuma a wannan karon malam bai zagaye komai ba.