Mil na biyu a cikin laka

Ni direban keke napep ne a nan Kaduna, Television zuwa Sabo nake yi, wani lokaci in leƙa Kakuri ko Romi in an samu dirof. Keken ma ba nawa bane, balas nake kai wa mai shi kullum da daddare ko an samu ko ba a samu ba, kuma tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 duk mai keke ya san yanda lita ɗaya take da daraja. Na faɗi wannan ne dan ku gane in na ce na ƙara ma mutum tafiya kyauta, daga tuwon yarana nake gutsurowa.

Abun ya faro ne wata Laraba a addu'ar tsakiyar mako. Baba Fasto yayi tafiya, sai wani dattijon ikilisiya, tsohon malamin makaranta ne, ya karɓi nazarin ya buɗe mana Matiyu 5:41, wajen da Yesu yace in wani ya tilasta maka tafiyar mil ɗaya to kayi biyu da shi. Tun muna yara a Sande Sukul na san ayar nan amma ni duk a zatona irin rakiyar baƙo ce da muke yi, ka taka ma mutum har bakin titi kuna hira. Dattijon yace ina, ba rakiya bace. Lokacin Romawa ne ke mulkin ƙasar Yahudawa, sojansu yana da iko ya tare ka a hanya ya ɗora maka kayansa ko kana so ko baka so, mil ɗinsu kuwa taku dubu ne irin na soja, kusan kilomita ɗaya da rabi. Yace irin tilas ɗin da aka yi ma Siman mutumin Kurane kenan da aka sa shi ɗaukar gicciye. Sai ya kawo mana misalin diban gwamna, yanda Turawa suka riƙa kwasar mutane daga ƙauyuka zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, yace to ku ɗauka wanda ya kwashe ka ɗin ne Yesu yake cewa ka ƙara masa. Coci tayi tsit. Ni dai a raina nace lallai wannan magana tana da daɗi a kan benci.

Ko sati ba a yi ba, ranar Juma'a da yamma an tafka ruwa irin na Agusta, na ɗauki wata tsohuwa a Television da rabin buhun masara da jarkar manja. Mun iso Sabo kowa ya sauka ita ko motsi bata yi ba. Nace Mama an iso. Tace ɗana ka shiga da ni ciki mana, ƙafata bata da lafiya. Nace Mama shiga ciki dirof ne, kuɗinsa daban. Ta kwance bakin zani ta nuna min, tace kaga abun da ya rage kenan. Nace to ki sauka ki nemi mai mashin. Tace ba inda zan sauka, in zaka jefar da uwarka a cikin ruwa sai ka jefar. Ga fasinja cike a bakin titi suna ta ɗaga hannu, lokacin tashi daga aiki ne, lokacin da muke haɗa balas, ga mutane sun fara kallona kamar na daki tsohuwa.

Na shiga da ita, amma kada in yi muku ƙarya, da fushi na shiga. Ramin da ya kamata in kauce masa sai in faɗa da gangan, ina jin jarkar tana buguwa da ƙarfen kujera ina cewa a raina maganinki kenan. Laka har ta kusa rufe tayar gaba, sau biyu ina saukowa ina tura keken da kafaɗa, silifas ɗina ɗaya ya tsinke a nan. Da muka kai wajen wata taransifoma sai tace to tsaya nan, sauran lungu ne keke baya shiga. Na sauke mata kaya a kan wani dutse, na juya keke, har na sa giya sai na hango ta a madubi tana ƙoƙarin jan buhun nan da hannu ɗaya tana dafe da gwiwa. Daidai nan maganar dattijon cocinmu ta dawo min kamar an mare ni, dan abun da ta tilasta min ya ƙare, daga nan kuma ba mai cewa in yi komai.

Na kashe keke na cire makulli, nace Mama kawo. Na ɗora buhun a ka, jarka a hannu, ƙafa ba takalmi, muka bi lungu tana gaba ina baya. Abun da har yau yake bani mamaki shine tun kafin mu kai rabin lungun fushin nan ya tafi, har na kama tambayarta jikoki nawa gareta. Wancan tafiyar da nake zaune a kan kujera inji na jana ita ce ta gajiyar da ni, wannan da kaya ke kaina kuwa ban ji nauyinta ba.

In kuna jiran in ce ɗanta ya fito ya bani kyautar sabon keke to ku daina jira. Da muka shiga gida ta duba jarka taga manja ya ɗan zuba a jikin buhu, tace kai wane irin tuƙi kake yi haka kamar mai gudun ɓarayi. Daga baya dai tace Allah ya yi maka albarka, shima a gajarce. Daren nan balas bai cika ba. Na kwanta ina ɗan jin haushin rashin godiyarta, sai na tuna Luka 17:10 inda aka ce in mun gama duk abun da aka umarce mu mu ce mu bayi ne kawai, aikinmu muka yi. Ashe dai a ƙasan zuciyata tafi nake jira.

Daga nan sai na zaƙe. Duk wanda yace shiga da ni ciki sai in shiga, ɗan makaranta yace ba canji in ce tafi, har wasu 'yan cocinmu suka gano ni, in an tashi sujada sai su cika keke kowa da unguwarsa ba mai maganar kuɗi. Kwana uku a jere ina kai balas da giɓi ina ba mai keke haƙuri. Alhajin nan mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, ya saurari labarina tsaf sannan yace malam abun da kake yi yana da kyau, amma da dukiyar wa kake sadakar? Kunya ta kama ni sosai. Balas ɗinsa alkawari ne na ɗauka, shine mil ɗina na farko, ni kuwa na tsallake shi na je ina neman lada a na biyu. Tun ranar sai na haɗa kuɗinsa da na mai na ware a aljihun gaba, abun da ya biyo baya nawa ne, da shi nake yin alherin da zan iya. Kuma na koyi cewa a'a, musamman ga ƙato mai lafiya da waya mai tsada a hannu yana ce min ai mu 'yan'uwa ne cikin Ubangiji.

Amma wadda ta fi kama ni ita ce maman yara. Wata Asabar ina bata labarin yanda na ɗaukar ma wani makaho kaya har cikin tasha, ina ɗan jin kaina, tana wanke-wanke bata ko ɗago ba tace Baban yara, mil biyu a waje, a gida ko taku goma babu. Tace a Zumuntar Mata sun yi nazarin Rifkatu a Farawa 24, ruwan sha kawai bawan Ibrahim ya roƙe ta, ita da kanta tace zata shayar da raƙumansa, raƙuma goma, kuma raƙumi mai ƙishi yana iya shanye lita 100, jarka huɗu kenan. Tace to lissafa, jarka arba'in da tulu. Ni jarka shida kacal nake ɗauka kullum daga bohol kana kwance kana latsa waya, ga keke a ƙofar gida. Na buɗe baki zan kare kaina ban samu abun faɗa ba, sai nace ai baki taɓa ce min in ɗebo ba. Tace ita ma Rifkatu ba wanda ya ce mata.

Yanzu ƙarfe biyar da rabi nake tashi in loda jarkoki a keke kafin in fita aiki, namu shida da na wata gwauruwa maƙwabciyarmu biyu. Ranar farko matan layin bohol dariya suka yi ta min, wata tace yau kuma me ka yi ma madam kake biyan tara. Akwai safiyar da sanyi ke hana ni, in yi kamar ban ji ƙarar jarka ba har ta fita da kanta, bazan ɓoye ba. Tsohuwar nan kuwa na sake ɗaukarta kwanan baya, ta gane ni tun daga nesa, ko tambaya bata yi ba ta shige ta zauna tace ɗana ka san gidan ai, amma yau ka bi a hankali akwai ƙwai a cikin kayan.