Godiya bayan bikin uwar gayya

Alhamdulillahi, an yi an gama. Jama'a ku yi mini haƙuri da shirun da na yi. Saƙonninku suna nan jibge a waya, wasu na karanta, wasu ko buɗewa ban yi ba, jikina ne ya ƙi. Duk wadda ta taɓa tara ƙananan yara a gida ɗaya ta san irin gajiyar da nake nufi. Uwar gayya dai, wato 'yata da muka yi wa bikin ranar haihuwa, ta cika shekara 4 lafiya, kuma kowane yaro da aka kawo ya koma hannun iyayensa lafiya. A kan wannan na biyun nake ta yi wa Allah godiya har yanzu.

Yadda iska ta yi da mu ranar kun sani, ba sai na maimaita ba. Bari in fara da bawan Allahn da ya kawo gidan tsallen nan da ake hura wa iska. Ya sauke kayansa, ya fito da 'yar na'urar auna iska, ya duba, ya ce shi kam ba zai hura ba. Iyaye suka yi ta lallashinsa, har wani ya ce ai sai a ƙara ɗaure igiyoyin. Ya ce ƙa'idar sana'arsu ita ce idan gudun iska ya wuce kilomita 38 a awa ba a sa yara a ciki, ko an kafe shi ta wuri shida kamar yadda aka saba, domin iska tana iya ɗaga shi sama da yaran gaba ɗaya. Ya naɗe abinsa ya tafi, ya bar kuɗin da zai samu. Malam, idan wannan rubutu ya iso gare ka, Allah Ya sa wa sana'arka albarka, Ya maye maka da mafi alheri.

To, ga yara an yi musu alkawarin tsalle, ga tsalle babu. A nan Antin ajinsu ta shigo. Na san ba ta son a ambace ta, amma yau sai dai ta yi haƙuri. Ta zo ne a matsayin baƙuwa, da kwalliyarta, sai ga shi ta ajiye jaka ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta ce mini, Maman yara, 'yan shekara uku da huɗu ba a riƙe su a wasa ɗaya, da kin ga ido ya fara yawo sai ki sauya, kuma in an yi na guje-guje sai a bi shi da na zama. Haka ta yi ta jujjuya su. Wasan zagaye kujeru ma ta canza masa fasali: idan kiɗa ya tsaya, kujera ake cirewa, yaro ba ya fita, sai su matsa wa juna wuri. A ƙarshe sai ga su cunkushe a kan kujeru biyu suna ta ƙyalƙyala dariya. Ni da na sha ganin yadda wannan wasa yake ƙarewa da kukan wanda aka fara fitarwa, sakin baki na yi. Ƙunshin da ake miƙawa hannu zuwa hannu kuwa, wanda duk yaron da kiɗa ya tsaya a kansa yake ɓare takarda ɗaya daga jikinsa, ta sa aka saka 'yar kyauta a kowane layi na takarda, ita kuma tana riƙe da kiɗan, tana tsayar da shi daidai kan wanda bai samu ba tukuna. Yaran suna ganin sa'a ce. Kumfar sabulu da na sayo don cike gurbi kawai, ita ta fi komai cin kasuwa, iskar da ta hana mu tsalle ita ta riƙa kwasar kumfar, su kuma suna bi da ihu. Anti, Allah Ya ba ki masu yi miki, Ya albarkaci zuri'arki.

Sai abin da ya sa na kasa barci daren nan.

Ana shirin kunna kyandir, kowa ya ɗaga waya yana neman hoto, iska kuma tana ta buga balan-balan da bango suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya kula, mun ɗauka ado ne kawai yake lalacewa. Maƙwabciyata Maman 'yan biyu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai ce ba ta kallon kek. Sai kawai na ga ta ture kujera ta nufi bayan taro. Ɗan ƙanwata ne, mai shekara 2, zaune a ƙasa, ya yi shiru, bakinsa yana motsi, ga ɗan jan abu ya leƙo a gefen leɓensa. Guntun balan-balan ne ya tsinta yana tsotsa.

Wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗauka ta. Na buɗe baki zan ƙwala ihu, ta ɗaga mini hannu ba tare da ta waiwayo ba. Ta durƙusa a gabansa tana murmushi, tana cewa yaron kirki, nuna mini haƙoranka. Ta ɗan sunkuyar da shi gaba, ya buɗe baki, ta kama bakin robar da take gani ta zaro. Shi kenan. Yaro ya fashe da kuka saboda an ƙwace masa abin wasa. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na wannan lokaci ba.

Sai bayan an watse muka zauna ta yi mini bayani, ni kuma hannuna bai daina rawa ba. Ta ce da na yi ihun nan, yaron zai iya firgita ya ja numfashi, robar ta wuce. Kuma robar balan-balan ta fi yawancin abin da yara suke haɗiya haɗari, domin tana manne wa hanyar numfashi ta ɗauki siffarta ta toshe, fitar da ita yana da wuya ko ga masu aikin asibiti. Ta ɗauko ledar da suka zo a ciki ta nuna mini gargaɗin da ke jiki da ƙananan haruffa: yara 'yan ƙasa da shekara 8 suna iya shaƙewa da wanda ba a hura ba ko wanda ya fashe, a kwashe guntayen nan take. Ta ce kada a taɓa zura yatsa a maƙogwaron yaro ana laluben abin da ba a gani, tura shi ciki ake yi. In yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari, ya kasa kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau 5, in bai fito ba a danna saman cikinsa ciki da sama sau 5, ana yi ana neman agajin gaggawa. Jaririn da bai kai shekara 1 ba kuwa ba a danna masa ciki, ƙirji ake dannawa. Ta ce in an samu hali a je a koya a wurin masu koyar da taimakon farko, ji da kunne ba ya isa.

Maman 'yan biyu, ba ni da bakin gode miki. Allah Ya tsare miki naki kamar yadda kika tsare mana namu. Allah Ya raya miki su, Ya sa su ji ƙanki, Ya nisanta ki da ranar da za ki nemi taimako ki rasa. Ya jiƙan mahaifanki da suka yi miki tarbiyya. Amin summa amin.

Goggo, kin zo da ciwon gwiwarki kin zauna kusa da ƙofa kina ƙirga yara kina hana su fita, har magariba ba ki tashi ba. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ƙanina da abokansa da suka bi tsakar gida suna tsince guntayen roba bayan abin ya faru, har ƙarƙashin kujeru, Allah Ya yi muku albarka. 'Yar budurwar da ta yi zanen fuska, na ga yadda kike fara ɗiga fentin a bayan hannun yaro ki jira ki gani kafin ki kai fuska, kuma ba ki tilasta wa masu tsoro ba, kin zana musu tauraro a hannu sun tafi suna murna. Abban yara kuma, wanda ya yini da famfon hura balan-balan, ga shi yanzu ko ganinsu ba ya son yi, sannu da ƙoƙari.

Waɗanda suka yi waya suka ba da uzuri, mun gode, Allah Ya bar zumunci. Waɗanda kuma aka ajiye wa kujeru a gaba har aka tashi ba ko sallahu, ba komai, ƙila hidima ce ta yi yawa. Yarinya ce dai take ta tambaya ina su wane, ni kuma na ce mata suna hanya.

Hotuna suna wurin ƙanina, zai turo wa kowa nasa, waɗanda suka ce kada a sa fuskar 'ya'yansu a intanet an kiyaye. Akwai kuma takalmin yaro ƙafa ɗaya, shuɗi, da hular sanyi da gorar ruwa biyu da aka bari. Mai su ya yi mini magana, amma don Allah bayan azahar.