Ginshiƙan Rumawa a Masallacin Ƙairawan

Daga birnin Tunis na shiga motar haya irin wadda suke kira luwaj, wadda ba ta tashi sai ta cika. Tafiyar kusan kilomita 160 ce zuwa Ƙairawan, kuma da ka yi kudu sai ƙasa ta bushe, itatuwan zaitun su jeru gefen hanya.

Bincikena a jami'a a kan tsofaffin duwatsun da magina suka sake amfani da su ne, kuma a wannan fanni dole mutum ya zo nan. Uƙba bn Nafi'u ne ya kafa garin da masallacinsa a shekarar 670 Miladiyya, amma ginin da ake gani yau yawancinsa aikin sarakunan Aglabiyawa ne, waɗanda suka sake gina shi a 836.

Bayan azahar na tsaya ina bin ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Sun kai ɗaruruwa, kuma da wuya ka sami biyu iri guda. Wani farin marmara ne, wani ja, wani an sassaƙa masa ganye a ka. Daga kufan garuruwan Rumawa aka kwaso su, har da Kartaj, tsohon birni kusa da Tunis, wadda Musulmi suka ci a 698. Tsayinsu bai zo ɗaya ba, sai maginan suka riƙa yi wa gajeru ƙari da dutse har kawuna suka daidaita. A gindin hasumiya kuma akwai duwatsu masu rubutun Latin, ɗaya ma a kife aka aza shi. Na durƙusa na karkata kai ina karanta haruffan, wani dattijo mai shara ya ce, "Ɗana, ai wannan ba salla ake yi masa ba," muka yi dariya tare.

Wasu na kallon wannan a matsayin wawashe kufai. Ni ban yarda ba. Wanda ya ɗauko ginshiƙi mai nauyin gaske daga nesa, ya zaɓi jajaye ya kafa su a inda ido zai fi kai wa, ya san darajar abin da ya ɗauko. Haka tayil masu ƙyalli da ke kewaye da mihirabi: an kawo su daga Iraƙi wajen 862. Mumbarin katakon da ke gefe shi ne mafi tsufa da ya rage a duniyar Musulmi.

Ga Bahaushe, garin ba baƙo ba ne. Risalar da muke karantawa a zauren malam, ɗan nan ne ya rubuta ta, Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, kuma a nan Sahnun, babban malamin mazhabar Malikiyya, ya yi alƙalanci.

Da la'asar na sayi makarud, soyayyen gari mai dabino a ciki, na taka zuwa manyan tafkunan da Aglabiyawa suka gina a wajen ganuwa don tara wa garin ruwa.