'Yar jar fitilar jakar iska, da yadda nake duba motata

Kusan duk abin da ke jikin mota mutum yana iya gwada shi da kansa. Ka taka birki ka ji ko ya kama, ka danna hon ka ji ƙararsa, ka kunna fitila ka ga haskenta a jikin bango. Jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum idan mota ta yi karo, ita ce kaɗai ba ta gwaduwa. Tana naɗe a cikin sitiyari da dashbod, sau ɗaya take aiki, kuma ranar da za ta yi aikin babu sauran damar gyara. Shi ya sa ba na tayar da mota kai tsaye. Ina murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, in dakata, in zuba ido a kan 'yar jar fitilar nan mai hoton mutum zaune da wani zagaye a gabansa. A wasu motocin haruffan SRS za ka gani. Idan komai lafiya, za ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu da kanta. A wannan ɗan lokacin ne kwamfutar motar ke bin wayoyin jakunkunan tana tabbatar da cewa kowacce na nan a haɗe.

Abu biyu ke tayar mini da hankali: ta kama ta ƙi mutuwa, ko kuma ta ƙi kamawa sam. Na biyun ya fi muni, don shi ne ba a lura da shi. Motar da nake hawa ta hannu ce, kuma ranar da na je ganinta, kafin in buɗe bonet ma wannan fitilar na fara nema. Akwai masu gyara motar da ta yi haɗari su rufe sitiyarin ba jaka a ciki, sannan su cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta daga baya. Na shafa murfin sitiyarin da yatsa ina neman alamar gam, na gwada launinsa da na sauran robar, na leƙa dashbod ta gefen fasinja ko akwai tsaga da aka cike aka shafe da fenti. Ban ga komai ba, fitilar kuma ta kama ta mutu yadda ya kamata. Sai a lokacin muka shiga maganar inji.

Na daɗe ina hawa ba matsala. Wata safiya fitilar ta kama ta zauna. Na kashe motar na sake tayarwa, tana nan. Kafin wannan ranar na lura hon yana yi mini wasa: idan sitiyari yana tsaye sai ya yi ƙara, idan na karya kwana sai ya yi shiru. Maɓallan rediyo da ke kan sitiyarin su ma suka fara ɗaukewa. Jikina ya ba ni cewa abu ɗaya ne ke haddasa duka ukun, amma wayar jakar iska ba wurin da zan sa hannu da kaina ba ne.

Mai gyaran waya na farko da na kai wa ya leƙa dashbod, bai ko jona na'ura ba. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ba wani abu ba ne, mota tana tafiya ai. In kana so yanzu in sa maka 'yar rasisto fitilar ta mutu, ka huta da ganinta." Na san abin da yake nufi. Kwamfutar tana auna wayar da ke zuwa jakar ne, to idan aka jona rasisto, wato wani ɗan ƙaramin kayan lantarki, mai awo daidai da na jakar, sai ta ɗauka komai na nan daidai. Fitila ta mutu, jakar kuma ta zama kayan ado. Na ce masa, "Malam, ba fitilar ce ke damuna ba, abin da take faɗa ne." Na yi masa godiya na ja motata. Har yanzu abin yana ci mini rai, domin na san mutane da yawa za su karɓi wannan tayin da zuciya ɗaya, su ɗauki iyalinsu su hau hanya suna zaton an gyara.

Wanda ya san yadda jakar ke aiki ba zai yarda a yi masa haka ba. A jikin motar akwai na'urori masu jin yadda gudu ke katsewa farat ɗaya. Idan karon ya kai kwatankwacin dukan kafaffen bango da gudun kilomita 13 zuwa 23 a awa ko fiye, kwamfutar tana aika wuta zuwa wata 'yar tukunyar ƙarfe da ke bayan jakar. Sinadarin da ke ciki ya kama, ya fitar da iska mai yawa, jakar ta keta murfinta da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Ba a cika ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa ba ta gama cika, kuma nan take ta fara sacewa ta wasu ramuka da ke bayanta, don jikin mutum ya nutse a cikinta maimakon ya daki abu mai tauri. Dabarar ba sabuwa ba ce. John Hetrick ya sami takardar mallakar ƙirƙirarta a Amurka a 1953, Mercedes-Benz ta fara sa ta a manyan motocinta a 1981, kuma daga motocin 1998 doka ta tilasta jaka biyu a gaban kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka. Duk wannan aikin ya dogara ne da wuta ta isa tukunyar a daidai lokacin. Idan fitilar na kunne, a motoci da yawa jakar da matsalar ta shafa ba za ta buɗe ba, wani lokacin ma duka.

Mai gyara na biyu ya fara ne da jona na'urar bincike a ƙasan sitiyari. Ya nuna mini cewa ƙananan na'urorin da mutane ke saya su jona da wayar hannu yawanci matsalar inji kawai suke karantawa, ba sa shiga ɓangaren jakar iska. Tasa ta nuna cewa layin jakar direba ya katse. Ya ce kulok-sifirin ne, wato siririyar waya mai faɗi da ke naɗe a bayan sitiyari, wadda ke warwarewa tana naɗewa duk sa'ad da aka juya shi. Ta nan wutar hon da ta maɓallai da ta jakar ke bi.

Na tsaya na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Ya daidaita tayoyin gaba suka miƙe sak, ya cire kan batir, sannan ya koma ya zauna na wasu mintoci bai taɓa komai ba. Ya ce kwamfutar tana riƙe ragowar wuta don ko batir ya fashe a haɗari jakar ta buɗe, saboda haka sai an bari ta zube. Da ya zaro jakar daga sitiyari, ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya ajiye ta a kan tebur murfin yana kallon sama. Soket ɗinta rawaya ne, kuma ya ja mini kunne: duk wayar da na gani rawaya a ƙarƙashin kujera ko cikin dashbod, kada in bari wani ya caka mata mita ko fitilar gwaji, don 'yar wutar da ke fita daga mitar tana iya tayar da jakar. Tsohuwar wayar da ya ciro ta tsage a lanƙwasa ɗaya, ana ganin zaren tagulla ya rabu. Sabuwar ta zo da wani ɗan maƙalli da ke riƙe ta a tsakiya, bai cire shi ba sai da ya zaunar da ita, don idan ta karkace za ta tsinke ranar da aka murɗa sitiyari har ƙarshe. Ya mayar da komai, ya goge matsalar daga kwamfuta. Fitila ta kama ta mutu, hon ya dawo.

Shi ne kuma ya tambaye ni ko na taɓa duba lambar shasin motar a jerin motocin da aka yi wa kiranye, wato aka nemi masu su su mayar da su a gyara, saboda jakunkunan Takata. Wannan kamfanin na Japan ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitiret a tukwanensa, kuma zafi da danshi na shekaru suna lalata shi. Idan ya lalace sai ya kama da ƙarfin da ya wuce kima, tukunyar ta tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su fito ta cikin jakar zuwa fuska da wuyan mutum. A Amurka kaɗai kiranyen ya shafi jakunkuna kusan miliyan 67 a motocin kamfanoni 19, mutum fiye da 20 sun rasa ransu a can, kamfanin kuma ya durƙushe a watan Yunin 2017. Abin tsoron shi ne wannan matsalar ba ta kunna fitila ko kaɗan. Lambar shasin tana da haruffa da alƙaluma 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Na kwafe ta na shigar a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera motar. Motar da aka fara sayarwa a Amurka ana iya duba ta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta ƙasar. Tawa ba ta fito da wani gyara da ke jira ba, amma ina sake dubawa lokaci zuwa lokaci, tunda ana ƙara sabon kiranye.

Abin da ya fi sauyawa a wurina shi ne zaman cikin mota. Jaka mai fitowa da irin wannan gudun tana iya raunata wanda ya matso kusa da ita, don haka na ja kujerata baya har tsakanin ƙirjina da sitiyari ya kai santimita 25. Bel ba na wasa da shi. An ƙera jakar ne ta taimaki bel, kuma shi ne ke riƙe mutum a inda jakar ke sa ran samunsa. Yaran da ba su kai shekara 13 ba a baya suke zama, komai rigimarsu, kujerar jariri mai kallon baya kuwa ba ta zuwa gaba har abada. Wanda ya ɗora ƙafa a kan dashbod ina roƙonsa ya sauke kafin in sa giya. Na kuma cire rigar kujerun gaba da na tarar a motar, domin ta rufe ɗinkin da jakar gefe ke ketawa ta fito.

Sauran duban mako-mako ne, da safe kafin tayoyi su yi zafi. Ina auna iska da awon da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba lambar da ke jikin tayar ba, don waccan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Safeya ma tana cikin lissafi. Ina duba zanen taya: akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen, idan suka yi daidai da saman tayar to ya rage milimita 1.6, ta suɗe ke nan. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar da ke gefen taya mai farawa da haruffan DOT suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma tsohuwar taya tana tsattsagewa ko da zanenta bai cinye ba. Bel kuma ina zaro shi duka in duba ko ya fara zarewa, in fizge shi da ƙarfi in ji ya cije. Baƙin mai da ruwan lagireto ina duba su inji na sanyi. Man birki ne nake tsayawa a kansa: idan ya sauka, ba na ƙarawa kawai in wuce, don ko dai birkin ya cinye ko kuma wani wuri yana yoyo. Duk shekara biyu nake sauya shi, saboda yana shan danshi daga iska, kuma man da ya sha ruwa yana iya tafasa a doguwar gangara feda ta nutse ƙasa ba ta kama komai ba.